Yawun Mutum Ɗaya, Asirin Dangi Duka

A safiyar Litinin, 10 ga Satumba, 1984, wani masanin ƙwayoyin halitta mai suna Alec Jeffreys ya ciro wani faifan hoto daga ruwan wanki a ɗakin bincikensa da ke Jami'ar Leicester a Ingila. Abin da ke jikin faifan layuka ne baƙaƙe, wasu masu kauri wasu sirara, waɗanda aka samo daga DNA ɗin wata ma'aikaciyar ɗakin da na mahaifinta da na mahaifiyarta. Jerin layukan kowane ɗayansu ya sha bamban da na sauran, amma duk layin da ke wurin 'yar ana iya nuna shi ko dai a wurin uwa ko a wurin uba. A ranar aka samu hanyar tantance mutum daga jininsa, a ranar kuma aka samu hanyar tantance danginsa, domin faifai ɗaya ne ya nuna duka biyun.

Aikin farko da aka yi da dabarar shari'ar shige da fice ce, a 1985. Wani yaro ɗan asalin Gana, wanda iyalinsa ke zaune a Landan, ya je Gana ya dawo, sai jami'ai suka yi zargin an yi wa fasfonsa coge, kuma matar da ke cewa ita ta haife shi wataƙila innarsa ce kawai. Uban yaron ba ya kusa. Jeffreys ya ɗebi jinin matar da na 'ya'yanta uku waɗanda ba a jayayya a kansu, daga layukan yaran ya ware abin da suka gada wurin uwa, abin da ya rage ya zama hoton uban. Da aka gwada da na yaron sai ya dace da uwa, ya kuma dace da uba. Hukuma ta janye, yaron ya zauna tare da mahaifiyarsa. Ƙarshen labarin ya yi daɗi, sai dai akwai abin lura a cikinsa: an karanta jinin mutumin da bai bayar da ko ɗigo ba, an karanta shi ne daga jikin 'ya'yansa. Mafi yawan rigingimun da aka yi cikin shekaru arba'in da suka biyo baya, kan wa ke da ikon ganin sakamakon gwaji da wa ke da ikon hana a gani, daga nan suka samo tushe.

Shekaru goma sha uku bayan haka aka ga yadda gwajin zai iya shiga tsakanin dangi. Tun 1802 wani ɗan jarida, James Callender, ya wallafa cewa shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, yana haihuwa da baiwarsa Sally Hemings. Ɗanta Madison ya faɗi haka ga wata jarida a 1873, zuriyarta kuma suka riƙe zancen kaka da kakanni, yayin da akasarin masana tarihi suka ɗauke shi hirar bayi. A 1998 wani likita mai ritaya, Eugene Foster, ya bi ta kan kuromozom na Y, wanda ke bin layin maza daga uba zuwa ɗa kusan ba tare da sauyi ba. Jefferson bai bar ɗa namiji daga matarsa ta aure ba, saboda haka aka nemi zuriyar baffansa, Field Jefferson, aka gwada da wani daga zuriyar Eston, autan Sally. Suka dace. Gwajin shi kaɗai ya nuna cewa wani namiji daga gidan Jefferson ne uban Eston, bai ce wane ba. Amma da aka haɗa shi da takardun da ke nuna cewa Jefferson yana gidansa na Monticello a duk lokacin da Sally ta ɗauki ciki, gidauniyar da ke kula da gidan ta bayyana a 2000 cewa mafi rinjayen zato shi ne uban. Ƙungiyar zuriyar Jefferson kuwa, wadda ke riƙe da maƙabartar iyalin, ta kaɗa ƙuri'a a 2002 ta ƙi karɓar zuriyar Hemings. Jini ya shaida, masu gida ba su buɗe ƙofa ba.

Daga ɗakin bincike zuwa akwatin gidan waya

A 2000 wani ɗan kasuwa a birnin Houston, Bennett Greenspan, wanda bin diddigin asalin iyalinsa ya cije masa, ya kafa FamilyTreeDNA, ya fara sayar wa jama'a gwajin kai tsaye. Gwaje-gwajen wancan zamani layi biyu kawai suke bi: na Y, wato uba da uban uba har sama, da na wani ɓangaren DNA da uwa kaɗai ke gadar wa 'ya'yanta, wato uwa da uwar uwa har sama. Tun a lokacin sakamakon na taro ne. Idan mutum ɗaya ya yi gwajin Y, ya amsa wa ubansa da baffanninsa da 'ya'yansu maza gaba ɗaya, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Ba inda wannan ya yi tasiri kamar wurin baƙaƙen fatar Amurka. Ƙidayar jama'a ta 1870 ita ce ta farko da ta rubuta mafi yawan waɗanda aka 'yanta daga bauta da sunayensu. Kafin ita, sai dai a iske su cikin lissafin dukiyar masu su. Mai neman asalinsa kan zo 1870 ya tsaya cak. A 2003 masanin ƙwayoyin halitta Rick Kittles da 'yar kasuwa Gina Paige suka kafa African Ancestry, kamfanin da ke gwada layin uwa ko na uba da samfuran da aka tattaro daga al'ummomin Afirka, ya ba mutum takardar shaida mai ɗauke da sunan ƙabila: Mende, Tikar, Yarbawa, Fulani, Hausa. Akan buɗe ambulan a taron dangi, a karanta a gaban kowa, a yi kuka. Ba wanda zai raina wannan kuka idan ya san abin da aka raba mutanen da shi. Sai dai takardar na faɗin fiye da abin da ilimi zai iya ɗauka. Idan aka koma baya tsatso goma, mutum na da gurbin kakanni 1,024, layin uwa zalla kuwa gurbi ɗaya ne daga ciki. Sannan alamomin da ake dubawa ba su san iyakar ƙabila ba, alama ɗaya kan bayyana cikin al'ummomi da yawa. Duk wanda ya san unguwannin birnin Kano, ya san Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, ya san cewa Hausa harshe ne da al'ada da suka haɗiye baƙi ƙarni bayan ƙarni, ba abu ne da za a tsinta cikin ɗigon yawu ba.

Babban sauyi ya zo da gwajin da ke duba DNA ɗin da mutum ya gada ta kowane ɓangare. Kamfanin 23andMe, wanda Anne Wojcicki da abokan aikinta suka kafa a 2006, ya fara sayar da nasa a ƙarshen 2007 kan dala 999, zuwa ƙarshen 2012 farashin ya faɗo dala 99. A shekarar ce Ancestry ya shigo kasuwar, MyHeritage ya biyo baya a 2016. Mutum zai tofa yawu a kwalba ya aika ta gidan waya, na'ura ta karanta wurare kimanin 600,000 zuwa 700,000 cikin DNA ɗinsa, sannan kwamfuta ta gwada su da na duk wanda ke cikin rumbun kamfanin, tana neman dogayen yankuna da suka zo iri ɗaya. Yawan abin da aka haɗa shi ke nuna kusancin. Ɗa da uba sun haɗa rabi. Jika da kaka kimanin kashi 25 cikin ɗari, haka 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya da suka bambanta ta ɗaya ɓangaren. 'Ya'yan wa da ƙani kimanin kashi 12.5, waɗanda suka haɗu a iyayen kakanni kashi 3 da ɗoriya, waɗanda suka haɗu a kakan kaka kuwa ƙasa da kashi ɗaya. Zuwa farkon 2019 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 26 sun yi irin wannan gwaji.

Tallan da ake yi na taswira ne mai launuka, kaso kaza daga nan kaso kaza daga can, abin ba da kyauta lokacin Kirsimeti. Abin da ya girgiza gidaje shi ne shafi na biyu, jerin dangi. A nan ne mace za ta ga wani baƙon suna da kashi 25, alhali ta san kakanninta duka sun rasu, ko namiji ya ga cewa 'yar baffansa da ta yi gwaji a kamfani ɗaya da shi ba ta fito cikin jerinsa ba sam. 'Ya'yan riƙo da aka rufe takardun haihuwarsu bisa doka suka riƙa gano iyayen da suka haife su. Mazan da suka ba da maniyyi a asibitocin haihuwa shekaru talatin baya, bisa alkawarin ba za a taɓa sanin su ba, suka fara samun wasiƙu. A jihar Indiana, wasu da suka tsinci juna cikin jerin dangi daga 2014 suka bi zaren har suka gano cewa likitan da ya yi wa iyayensu mata aikin haihuwa, Donald Cline, da nasa maniyyin ya yi amfani ba da saninsu ba. Adadin 'ya'yan ya haura 90, kuma a 2019 jihar ta yi dokar da ta mai da irin wannan ha'inci laifi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu iya magana, kuma tsararraki sun rayu sun mutu bisa amincewa da haka. Abin da ya sauya shi ne, mai riƙe da sirri ba ya buƙatar yin gwaji kafin a tona shi. Ya isa a ce ɗan gwaggonsa da jikar kawunsa sun yi.

Kamfanonin sun amsa da maɓallai. Mai asusu na iya ƙin shiga jerin dangi baki ɗaya, ko ya shiga da harufan farkon sunansa kawai. Yana iya rufe bishiyar zuriyarsa, rayayyun da ke cikinta kuma akan ɓoye su ga baƙi. A Ancestry akwai matakan izini: wanda zai duba kawai, wanda zai duba ya rubuta bayani, da wanda za a damƙa wa ragamar gwajin. Wannan mataki na ƙarshe ya samo asali ne daga yadda abin ke gudana a zahiri, domin a kusan kowane gida mutum ɗaya ne mai ƙwazon asali, shi ke sayen kwalabe ya bi tsofaffi yana karɓar yawunsu, sakamakon kowa kuma ya taru a hannunsa. A 2017 kamfanin ya sauya ƙa'ida, ya ce kowane baligi sai ya buɗe asusunsa da kansa, in ya so ya ba wani izini. Gyara ne mai kyau, sai dai duk waɗannan maɓallai an gina su ne kan zaton cewa bayanin na mai asusu ne shi kaɗai. Ba wani maɓalli da aka tanadar wa ƙanwar da ba ta yi gwaji ba.

Iyalin da suka samu kujera

Wuri guda da aka ɗauki dangi a matsayin masu haƙƙi, bayan shekaru sittin da biyu aka yi hakan. A 1951 wata baƙar fata mai 'ya'ya biyar, Henrietta Lacks, ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore da sankarar bakin mahaifa. Aka yanki tsoka daga ciwon ba tare da an tambaye ta ba, kamar yadda aka saba a lokacin. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin da aka ɗiba suka ci gaba da hayayyafa a kwalba, abin da ba a taɓa samu ba daga jikin ɗan Adam. Aka sa musu suna HeLa, aka rarraba su duniya, aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan inna da dubban bincike. Iyalinta ba su sani ba sai a shekarun 1970. A 1973 masu bincike suka zo suka ɗebi jinin mijinta da 'ya'yanta domin samun alamomin da za su bambanta HeLa da sauran ƙwayoyin da ta gurɓata a ɗakunan bincike. Iyalin sun ɗauka ana duba su ne ko suna da sankara. A 1976 aka wallafa alamomin jininsu a mujallar kimiyya.

A watan Maris na 2013 wasu masana a Heidelberg ta Jamus suka wallafa cikakken tsarin DNA na HeLa a intanet, kowa na iya saukewa. Ba su karya wata doka ba, ba su kuma tuntuɓi kowa ba. Amma wannan tsari, duk da sauye-sauyen da sankara ta yi masa, na ɗauke da abin da jikokin Henrietta suka gada, har da alamun cututtukan da za su iya fuskanta. Iyalin suka koka, aka sauke bayanan. Shugaban cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, Francis Collins, ya zauna da su sau da dama, a watan Agusta aka sanar da yarjejeniya: za a ajiye bayanan a rumbu mai ƙofa, mai bukata ya rubuto takarda ya faɗi abin da zai yi, binciken lafiya kaɗai aka yarda da shi, kuma kwamitin da zai duba takardun na da 'yan gidan Lacks biyu a ciki. Ba kuɗi cikin yarjejeniyar. Sai a 2023 iyalin suka sasanta da kamfanin Thermo Fisher, wanda ke sayar da ƙwayoyin, kan adadin da ba a bayyana ba.

Kafin wannan, 'yan ƙabilar Havasupai da ke zaune a kwazazzabon Grand Canyon sun kai ƙarar Jami'ar Jihar Arizona, saboda jinin da suka bayar daga 1990 don binciken ciwon suga an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren zumunta da kuma inda kakanninsu suka yiwo hijira, abin da ya saɓa wa labarin asalinsu. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jinin.

Rumbun 'yan sha'awa da ɗan sandan da ya tsufa

Kowane kamfani na ba mai asusu damar sauke ɗanyen sakamakonsa a fayil guda. Tun da kowane kamfani cikin rumbunsa kaɗai yake neman dangi, sai wasu masu sha'awar asali biyu, Curtis Rogers da John Olson, suka buɗe GEDmatch a 2010, wurin da kowa zai ɗora fayil ɗinsa ko daga ina ya fito, a gwada shi da na kowa. Kyauta ne, a buɗe yake, kuma ba ya tambayar ko yawun na wanda ya ɗora ne.

Masana sun yi gargaɗi da wuri. A 2013 Yaniv Erlich da ɗalibansa suka nuna cewa daga alamomin Y na mutanen da suka ba da DNA don bincike ba tare da suna ba, ana iya gano sunan gidansu a rumbunan masu bin asali, a haɗa da shekaru da jiha, a fito da mutum. Sun gano kusan mutum 50 ta haka. Jama'a ba su farga ba sai ranar 24 ga Afrilu, 2018, da aka kama Joseph James DeAngelo, tsohon ɗan sanda mai shekara 72, a kusa da Sacramento. Shi ne mutumin da aka shafe shekaru arba'in ana nema kan kashe-kashe da fyaɗe a California tsakanin 1974 da 1986. Masu bincike sun ɗauki DNA daga wani tsohon samfurin wurin laifi, suka mai da shi fayil irin na kwastoma, suka ɗora a rumbunan asali, ciki har da GEDmatch. Abin da ya fito dangi ne na nesa, waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. Wata masaniyar asali, Barbara Rae-Venter, ta jagoranci gina bishiyoyin zuriyarsu, aka hau sama zuwa kakannin da suka haɗa, aka sauko ƙasa ana tace maza bisa shekaru da wurin zama, har aka tsaya kansa. Aka tabbatar da DNA daga marfin motarsa da wata takardar goge hanci da ya jefa a shara. A 2020 ya amsa laifin kisan mutum 13, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Da wuya a samu mai jin haushin kama irin wannan mutum, kuma daga nan aka warware ɗaruruwan tsofaffin shari'u, aka gano sunayen gawarwakin da aka binne ba suna. Amma a watan Oktoba na 2018 Erlich ya sake fitar da lissafi: kimanin kashi 60 cikin ɗari na Amurkawa masu asalin Turai ana iya samo musu ɗan'uwan da suka haɗa kakan kaka, ko wanda ya fi haka kusa, a rumbun mutum miliyan 1.28, kuma idan rumbu ya ƙunshi kashi biyu kacal na al'umma, kusan kowa ya shiga hannu. Akan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan mutum biyu ne ke ja, ruwan ya sauka kan ɗari.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙarfin maɓallai da rauninsu. A farkon 2019 aka gano FamilyTreeDNA na barin hukumar FBI ta yi bincike a rumbunsa ba tare da ya sanar da kwastomomi ba. GEDmatch ya ce kisa da fyaɗe kaɗai ya yarda a bincika, sai Rogers ya ɗaga ƙafa a wata shari'a ta Utah, inda aka kai wa wata tsohuwa hari a coci ba a kashe ta ba. Masu amfani da rumbun suka yi ca, a watan Mayu na 2019 aka rufe kowa daga idon 'yan sanda sai wanda ya dawo da kansa ya danna amincewa, kuma 'yan tsiraru ne suka yi hakan a watannin farko. A shekarar dai wani alƙali a Florida ya ba ɗan sanda izinin bincika rumbun gaba ɗaya, da wanda ya amince da wanda bai amince ba. A watan Disamba aka sayar da GEDmatch ga Verogen, kamfanin da sana'arsa kayan binciken laifi ce. A Yuli 2020 masu kutse suka juya saitin kowa na 'yan sa'o'i. Jihohin Maryland da Montana ne suka fara yin dokokin da suka iyakance irin wannan bincike, a 2021.

Ƙasashe ba su bi hanya ɗaya ba. Amurka ta bar kasuwa a buɗe, ta yi doka a 2008 da ta hana masu inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki nuna bambanci saboda DNA, amma dokar ba ta shafi inshorar rai ba. Faransa ta hana gwajin sha'awa ɗungurungum, tarar mai yi ta kai yuro 3,750, gwajin uba da ɗa kuma sai da umarnin kotu. Abin sha'awa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka a 2002, ta kai ga matsayi mai kama da wannan ta wata hanya dabam: ta yarda da gwajin inda jarirai suka cakuɗe a asibiti ko aka kasa gane gawa, ta hana a yi amfani da shi wajen kore nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a, ta kuma nemi kada a yi shi kan nasaba sai da umarnin alƙali.

Ingila ce ta fuskanci tambayar kai tsaye, a shari'ar da aka ɓoye sunan mai ƙara aka kira ta ABC. A 2009 likitoci suka gano mahaifinta na da cutar Huntington, ciwon ƙwaƙwalwa marar magani wanda kowane ɗa ke da rabin yiwuwar gada. Tana da ciki a lokacin. Uban ya hana a faɗa mata, likitoci suka kiyaye amanarsa. Bayan ta haihu ta ji labarin bisa kuskure, daga baya gwaji ya nuna ta gada, wato 'yarta ma na cikin haɗarin. Ta kai ƙara tana cewa da ta sani da ba ta bar cikin ba. A 2020 Babbar Kotu ta yanke cewa likitocin ba su yi sakaci ba, amma ta tabbatar da cewa a irin wannan hali wajibi ne likita ya auna amanar majinyaci da maslahar ɗan'uwan da ke cikin haɗari. Ta sha kaye, amma shari'arta ta sa doka ta amsa cewa sakamakon gwajin uba na iya zama haƙƙin 'ya.

Gwanjo

A watan Oktoba na 2023 wani ya fara tallata bayanan kwastomomin 23andMe a wani dandalin masu kutse, ya ware jerin masu asalin Yahudawan Ashkenazi da na masu asalin Sin. Bai fasa rumbun kamfanin ba. Ya yi amfani ne da kalmomin sirri da aka sato daga wasu shafuka, waɗanda mutane suka maimaita a nan, ya shiga asusu kimanin 14,000. Amma kowane asusu taga ne zuwa ga jerin dangin mai shi, kuma ta waɗannan tagogi ya kwashe bayanan mutum miliyan 6.9, kusan rabin kwastomomin kamfanin: sunaye, shekarun haihuwa, wuraren zama, kason asali, da wa ya haɗa jini da wa. Lauyoyin kamfanin suka rubuta wa masu ƙara cewa laifin na waɗanda suka maimaita kalmar sirri ne, amsar da ba ta ce komai ba game da miliyoyin da kalmarsu lafiya lau take, sai dai suna da ɗan'uwa na nesa mai sakaci. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 30 a 2024, hukumar kare bayanai ta Birtaniya kuma ta ci shi tarar fam miliyan 2.31.

A 2021 an kimanta 23andMe kan dala biliyan 6. Matsalarsa ita ce gwajin sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma harkar haɗa magunguna da ya shiga, bayan kamfanin GSK ya zuba masa dala miliyan 300 a 2018, ba ta kawo riba ba. A watan Maris na 2025 ya shigar da takardar karayar arziki. Sai a lokacin mutane da yawa suka karanta sakin layin da ke cikin ƙa'idojin da suka amince da su tun farko, wanda ya ce idan aka sayar da kamfanin ko ya karye, bayanansu na cikin kadarorin da za a iya miƙawa. Babban lauyan California, Rob Bonta, ya shawarci jama'a su goge bayanansu su kuma nemi a zubar da yawun da aka adana. Kamfanin magunguna na Regeneron ya taya kan dala miliyan 256, jihohi fiye da ashirin suka garzaya kotu suna cewa ba a sayar da DNA ɗin mutum sai da sabon izininsa, aka sake buɗe gwanjon, wata cibiya mai zaman kanta da Wojcicki ta kafa ta saye kan dala miliyan 305 bisa alkawarin riƙe tsofaffin ƙa'idojin sirri. Wani alƙali a Missouri ya amince, aka kammala cinikin a Yuli 2025. Kafin nan kimanin mutum miliyan 1.9 sun nemi a goge su. Fayilolin iyayensu da ƙannensu da 'ya'yan baffanninsu da ba su nemi haka ba sun wuce hannun sabon mai shi.